Duwatsu Uku a Trondheim

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya sauka.
Cikin ginin akwai tafkin siminti,
dogo, idan ka yi kira daga wannan baki
muryarka za ta gaji kafin ta kai wancan.
Ni nake jan jirgin gwaji a kansa, shekara goma sha tara ke nan.

Torunn Aasland abu biyu take juyawa:
tsawon hancin jirgin da kaurinsa.
So take ya tsaga ruwa ya sha mai kaɗan.

Ruwa kuwa ba ya nuna gangare.
Ka tambaye shi, ya ba ka lamba ɗaya, ya ja bakinsa.
Kowace tambaya wuni ce:
a sassaƙa, a goge, a ja,
a zauna jiran igiyar ruwa ta kwanta.
Kuɗin da aka ba mu na tambaya arba'in ne.

Ta ɗiga ɗigo uku a allo, kamar duwatsun murhu.
Ta ce, Eilif, ba mu san ina ne kwari ba,
amma mun san wanne cikin ukun nan ya fi muni.
Shi za mu ɗaga, mu tsallakar da shi bayan 'yan'uwansa.
In wurin ya karɓe shi, mu ƙara miƙa ƙafa.
In ya ƙi, mu janyo ta.

Haka alwatikar ta yi ta tuntsurawa,
Litinin ta miƙe, Laraba ta takure,
wata Juma'a ma'aunin ya yi mana ƙarya
saboda wani ya bar ƙofa a buɗe, iska ta taɓa ruwan.

A gwaji na talatin da ɗaya
ɗigon uku suka matse, farce zai rufe su.
Na dafa kofi, na ce mun iso.
Ba ta sha ba.
Ta ce wanda ya faɗa rami a kan dutse
shi ma ko'ina ya taɓa, hawa ne.

Ta rufe ido, ta jefa ɗigo can gefen allo.
Hanci ya fito mummuna, kamar bakin agwagwa.
Na ja shi ina jin kunyarsa.
Lambar ta sauka, ƙasa da duk na baya.

Saura takwas. Muka sake girka duwatsun a can,
ba su gama matsewa ba kuɗi suka ƙare.
A rahoto ba ta rubuta mafi kyau ba,
ta rubuta: mafi kyawun abin da muka taka.

Daren nan ƙanƙara ta rufe titin gidana,
fitilar kwanar ta mutu tun jiya.
Na miƙa ƙafar dama, na taɓa.
Na janyo ta kaɗan.