Harafin da Ya Faɗi

Ranar da muka je ba fareti, ba bigila,
ba manya a inuwar rumfa.
Ƙofar lambun a ɗaure take da waya,
wani tsoho ya kwance mana ita da hannu ɗaya,
ɗayan ya baro shi a Saliyo.
Baba Ganya ake ce masa.
Ya ce mu taka a hankali, yanzu ya gama ban-ruwa.

Furanni aka ce ya shuka.
Ya shuka, ja da rawaya, layi biyu,
amma a tsakaninsu ga yakuwa, ga kuɓewa ta yi 'ya'ya.
Ya ce, "Mutanen nan manoma ne kafin su sa kaki,
ba za su so a ajiye sunansu
inda babu abin miya ba."

Bango ne dogo, an shafe shi da farar ƙasa,
sunaye sun jeru kamar kunyoyin dawa.
Na sama na yaƙin Bama ne, damina ta lashe su,
sai lamba, da rabin Dabai, da rabin Ribah.
Na tsakiya na basasa.
Na ƙasa fentinsu ko dushewa bai fara ba,
kuma an bar fili a gefe,
filin da na ƙi kallo.
Ishaya na kafaɗa da kafaɗa da Isiyaku,
ba wanda ya ce da wani matsa can.

Habila ɗana, ɗan aji biyu,
ya ce shi zai nemo kakansa da kansa.
Ya sa yatsa yana bi, yana haɗa baƙi,
ya wuce saje, ya wuce wani manjo,
ya kori ƙadangare daga kan wani farabiti,
sannan ya ce, "Mama, ga shi, amma sun yi kuskure."

Kofur Noma Rikoto.
Nomau ne sunansa. Wasali ɗaya ya faɗi.

Na so in yi fushi.
Shekara tara uwata ta yi tana bin fansho,
daga Zuru zuwa Birnin Kebbi, can a ce mata Abuja,
takardu a ledar burodi,
kowane ofis da irin yadda yake rubuta sunan nan.
Yanzu kuma har bango.

Sai na tuna kantar tafin hannunsa.
Shekara bakwai ya yi golmo kafin a ba shi ita.
In ya zo hutu, takalmin soja na ƙofar ɗaki,
mai shi na gona tun asuba.
Wasiƙarsa ta ƙarshe daga Laberiya
ba ta ambaci harbi ba:
An yi huɗa? Ruwa ya sauka?
Kar a sayar da jan sa.

Abin da ya dawo mana,
akwatin ƙarfe, bargo, cokali,
rediyon da ba ya magana sai an mare shi,
da wani hafsa da ya cire hula a zaure,
ya sha ruwa, ya kasa haɗa ido da kowa.
Ƙasar wasu ce ta rufe shi, ba mu san gurbin ba.

Baba Ganya ya ce mai fenti na zuwa kafin Janairu,
in rubuta gyaran a takarda.
Habila bai jira ba.
Ya tsinci gawayi a gindin dogonyaro,
ya yi ɗage, ya ƙara harafin,
karkatacce, ya fi sauran girma,
kamar ƙwaryar da aka kafa don tarar ruwan sama.

"Ruwa zai wanke," in ji tsohon.
"Sai mu dawo," in ji yaron.

Ban yi kuka ba sai a kan babur.
Tsohon ya cusa mini kuɓewa a jaka, ya ƙi karɓar ko sisi.
Da dare na kaɗa miya,
uwata ta ci, ta ce ta yi yauƙi,
ta tambayi inda na saya.
Na ce daga wajen Baba ne.
Ta ajiye lomar, ta daɗe tana kallon ƙofa,
sannan ta ƙarasa tuwonta.