Rijiya Ba Ta Hawa Kai

Daren Alhamis, ofishin magajin gari,
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Ni da Nomau da butar shayi,
da rijiyoyi dubu biyu da ɗari huɗu
cunkushe a tsohon fayil mai taurin kan jaki.
In ka taɓa taswirar a waya,
sai ka gama alwala ba ta buɗe ba.

An ce mu kwashe su zuwa sabon rumbu,
rumbun da ya san gabas da yamma,
wanda za ka ce wa: wane famfo ne kusa da Bagalam?
ya amsa kafin ka ɗauke yatsa.

Kwasar fari, muka leƙa allo.
Maradi fayau, ko ɗigo babu.
Nomau ya ja taswira kudu, ya ja, ya ƙara ja,
sai ga rijiyoyinmu tsibi guda a Kamaru,
gab da Ngaundare, a gonakin da ba su san mu ba.
Sha uku da bakwai ne suka yi musayar mazauni.
Lamba biyu tak,
gari ya tashi babu sallama.
Muka yi dariya har shayi ya ƙone.

Kwasa ta biyu, ƙugiyoyin haruffa suka karye a hanya.
Ɗan Gulbi ya iso da alamar tambaya a goshi,
ga shi kuma da suna uku:
yadda Nasara ya rubuta,
yadda malamin rigakafi ya ji,
da yadda mai unguwa ke faɗi.
Rumbu ya ce ɗaya yake so.
Na ba shi na mai unguwa.

Ƙarfe ɗaya wuta ta ɗauke.
Nomau ya miƙe kan benci, hula a fuska.
Ni ina lissafin abin da ban adana ba,
sauro yana taya ni.

Da ta dawo, sai rigimar iyaka.
Rumbun nan ba ya karɓar gona sai zarenta ya haɗu,
inda ya fara, nan zai ƙare.
Garkar Barmo a Tarna ta ƙi rufewa:
kusurwarta ta huɗu gawo ce,
gawon kuwa tun bara waccan ya zama turame.
Na ɗaure bakin zaren da hannuna,
na rubuta a gefe: a tambayi maƙwabci.

Gab da asuba ƙidaya ta tsaya.
Duk sun shiga, saura ɗaya.
Layi na ƙarshe: Rijiyar Tsahara.
Zurfi, gaba tara. Ruwa, mai daɗi.
Gurbin wuri, wayam.
Wani ya taɓa rubutawa a ƙasa: tsohon gari.

Sai na ji muryar kakata.
Shekarar da gulbi ya ci gari, in ji ta,
munka hau tudu da turmi da tabarmi,
da kaji a kwando, da tsohuwa a goye.
Kome an ɗauko, ɗiyata,
rijiya ce ba ta hawa kai.

Nomau ya ce, goge ta, wa ke ɗiba?
Ko ki ɗora ta ko'ina cikin fadama, wa zai sani?
Na ce rumbu zai yarda, shi ne abin tsoron.
Duk ƙaryar da ka ba shi da lamba,
zai maimaita ta da murya irin ta gaskiya.

Na gina mata ɗan ɗaki a gefe,
shafi mai layi ɗaya,
na sa masa suna: waɗanda ba su iso ba.

Ladan ya kira. Na taɓa waya,
taswira ta buɗe kamar ƙiftawar ido,
shuɗin ɗigo daga Zariya har Maradawa,
kowa a bakin ƙofarsa.

Ran Asabar zan hau kabu-kabu in gangara,
na'urar auna wuri a jaka, goro a leda.
An ce akwai wani tsoho mai dashen albasa
da ya san inda ƙasa ke yin sanyi a tafin ƙafa
ko da rani ya kai rani.