Sharaɗin da Ba a Rubuta Ba

A allon sanarwa na Kalgo na gan ta,
ƙusa ɗaya ta riƙe ta, gefe ya naɗe:
ana neman mai ba ɗalibai shawara.
Digirin farko, shaidar bautar ƙasa,
digiri na biyu a fannin jagoranci,
da shekara uku riƙe da alli.

Na ƙirga nawa a yatsu kamar mai bin bashi.
Na farko, fadamar Baba ta Zauro ta biya shi,
buhunan shinkafar da ba mu ci ba.
Na biyu da Luba a goye na yi shi,
ina babi na uku tana haƙori.
Sau biyar malamin ya maido mini,
jan biro ko'ina, sai ka ce an yanka kaza a kai.

Suka ɗauke ni.
Ofis mai fanka ɗaya, tana juyi tana ƙorafi.

Ran Talata Nomau ya shigo, ɗan aji uku,
kwas biyu sun kayar da shi, sun sake kayarwa.
Ya ce, "Malama, ni dai bari za ni yi."
Na jawo kundin ƙa'idoji, shafi na arba'in,
na karanta masa maki nawa ke tsallakar da mutum,
zango nawa ya rage kafin a sallame shi.
Ban yi kuskure ko ɗaya ba.
Shi kuwa takalminsa yake kallo.

Labbo masinja, da bai gama firamare ba,
yana goge taga, ko juyowa bai yi ba:
"Yaro, daga ina kaka tahowa da sahe?"

"Ambursa. Sai na ba albasa ruwa in taso.
Baba ba shi da lafiya."

Na duba jadawali.
Duka biyun ƙarfe takwas ake shiga.

Abin da ya rage aikina ne, na kuma iya shi:
wasiƙa ga shugaban sashe, ragin kwasa-kwasai,
sa hannu uku, hatimi, hawa bene sau huɗu.
A nan takarduna suka yi rana.

Da yamma na tsaya gaban su a bango,
huɗu, cikin gilashi, har da tambarin zinariya.
Ba zan sauke su ba, shinkafa ce ta saye su.
Na dai ɗauki fensir,
a bayan sanarwar nan da na ɓoye a jaka
na ƙara layi ƙarƙashin na ƙarshe:
a iya tambayar mutum daga ina ya taho.

Labbo ya ce in kashe fanka, zai kulle.