Wa Ya Ƙera Tiyar?

A Bagalam, bayan la'asar,
na shimfiɗa tabarma a zauren Inna Kuluwa,
na fito da kofuna biyu na gilashi,
ɗaya dogo siriri kamar karan dawa,
ɗaya gajere mai faɗin baki.
Sahura ta zauna, shekararta shida,
ɓawon gyaɗa maƙale a gefen zanenta.

Na juye ruwa daga gajere zuwa dogo.
Na ce, yanzu fa, ya ƙaru ko yana nan?
Ta ce, yana nan.
Na sake tambaya, don haka takarda ta ce a yi.
Ta dubi ruwan, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.
Ta ce, ya ƙaru.
Na rubuta a kaye: ba ta kai ba tukuna.

A jami'a an koya mana hankalin yaro tsani ne,
kowa da matakinsa, ba a tsallake.
Na ajiye Sahura a na biyu,
na hau kabu-kabu na tafi gida da nauyin sani.

Washegari na dawo neman biron da na manta.
Ga ta a ƙofa da kwanon man gyaɗa,
wani mutum ya miƙo doguwar kwalba
yana cewa ai ba a cika masa ba.
Ta ce, Baba, ludayi uku ka biya,
uku ne a kwalba, uku ne a gwangwani,
tsawo ba ya haihuwar mai.

Na tsaya kamar an dasa ni.
Da ya tafi na ce, jiya fa?
Ta ce, na ga kin sake tambaya,
na ce ta farkon ba ta yi miki daɗi ba.
Ba a musu da baƙuwa.

Sai Malam Harisu ya faɗo mini a rai,
mai darasin falsafar kimiyya
da muke gyangyaɗi a cikinsa ranar Laraba.
Shi ne ke cewa, kafin ku auna hatsi
ku tambayi wa ya ƙera tiyar,
a wace kasuwa, don wane irin gero.
Ko kun ƙirga jajayen awaki dubu a Maradi,
kada ku rantse duk akuya ja ce,
baƙa guda a Tibiri ta isa ta karya rantsuwar.
Zancen da ba ya yarda a ƙaryata shi
camfi ne, ko da ya sa tabarau.
Mu muna rubutawa ne don jarrabawa.

Inna Kuluwa tana ɓarar gyaɗa tana jinmu.
Ta ce, tsani kuma?
Yaro gyaɗa ne, furensa a sama,
ƴaƴansa a ƙarƙashin ƙasa.
Mai kallon ganye sai ya ce ba a yi komai ba.

Ya yi mini daɗi har na kusa rubuta shi a matsayin gaskiya,
sai na tuna ita ma tiya ce,
wani ya ƙera ta, tana iya yoyo.

Ban yage shafin jiya ba.
Abin da na gani, na gan shi,
sai dai ban san ni ma ina cikin kofin ba,
da takalmina, da takardata, da tambayata ta biyu.
Na ja layi a ƙasa na rubuta kwanan wata.

Gobe zan dawo ba gilashi.
Ludayin yana hannun Sahura,
ita za ta zuba,
ni zan ce ya ƙaru,
in ga ko za ta bar ni da kuskurena.