Kuɗin Igiya

Daren Laraba aka ɗauke wuta a Mokoyo.
Na jingina tocila da butar shayi,
na juya takardar wuta ta watan jiya,
a bayanta na fara auna hanya.

Mai na san shi, Fijona ba ta ɓoye ƙishinta.
Tuwo na san shi, Tasalla ta soya kaji biyu.
Abin da ya hana ni barci
igiyar nan ce da ake ɗaurewa a bakin gari,
da ɗan ɗaki, da benci, da mai littafin tikiti
wanda ba ya amsa sallama da ranka ya daɗe
sai ya ga hannunka ya nufi aljihu.
Shi ne mai hanya.

Na tambayi Illa makanike, yana ƙarƙashin mota,
ƙafafunsa suka ce mini jikka biyu.
Na tambayi Mati mai kai albasa,
ya ce uku, ya yi shiru, ya ce ko huɗu,
ai tasa babba ce, ba a yi musu kuɗi ɗaya.
Maƙwabcina da bai taɓa wuce Tibiri ba
shi ya fi kowa tabbaci.
Kowa da farashin da ya yanka wa hanya.

Na jera garuruwa kamar mai jan carbi:
Gidan Rumji, Madawa, Galmi,
Ƙonni inda za mu yi azahar,
Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai,
inda Zuwaira ke zaune da jaririn kwana huɗu
tana jiran mu da ragon suna.
Ina ne za a karɓa, ina ne za a duba kawai?
Na sa ɗigo a gaban kowane,
ɗigon ya fi ni sanin hanya.

Tasalla ta leƙo, ta ce, ragon fa?
Na ce rago ba shi da taya.
Ta ce, to, ka faɗa musu haka in sun tsayar da kai.
Na ƙara dala ɗari saboda ragon,
na ƙara wata saboda bakinta,
wata kuma don ramukan da za mu biya
kafin mu faɗa cikinsu.
Ba a ciniki da hanya.

Neman canji ya kai ni aljihun mota,
don mai igiya ba ya da canjin jikka goma da asuba.
Can ƙasan takardu na tarar da tikitin Baba,
ya yi ja kamar ganyen goro da ya bushe.
Zuwa da dawowa ya biya.
Hatimin zuwa yana nan.
A can asibiti ya tsaya,
direba ne ya dawo da motar,
bai ma san da tikitin ba, ya sake biya.

Na daɗe a tsaye.
Sauro ya ci rabonsa.

Da na koma ciki sai na raba kuɗin gida biyu.
Na zuwa na sa a aljihun gaba.
Na dawowa na miƙa wa Tasalla,
ta ƙulle shi a bakin zane, ƙulli biyu, ba ta tambaye ni ba.
Jikka uku da rabi kowanne,
ƙila ya yi yawa, ƙila a yi mini dariya a bakin igiya.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe ɗaya.
Ragon ya yi kuka sau ɗaya a bayan ɗaki.
Na rubuta jimilla, na ja layi biyu,
a ƙasa na sa in Allah ya so,
don shi kaɗai ba a ba da tikitinsa a hanya.