Takardar Bango

A Oaxaca, bayan kasuwar barkono,
Remedios na ginin tukwane.
Jikanta Eliseo ya manna takarda a bango:
talatin kowane mako.

Ba ta taɓa gazawa ba.
Amma ran Talata yumɓu ya miƙa wuya
kamar zalɓe zai tashi,
ta dubi bango, ta danne shi da yatsa,
ya koma tukunya ta sha bakwai.

Mai auna rijiya da gajeriyar igiya,
inda ta tsaya yake kira ƙarshe.

Da damina rufi ya yi yoyo,
tawada ta zube, lissafi ya narke.
Da asuba hannunta bai tambayi kowa ba.
Abin da ya fito har yau ba suna,
Eliseo ya rasa layin rubuta shi.