Ƙafar Osvaldo

Da safe lafiya lau take tashi,
jif ɗinmu ruwan toka mai kujera bakwai.
Mu wuce shagon burodi, mu wuce cocin, ba ta ce uffan ba.
Sai an zo hawan Cerro Cordillera,
inda titi ke miƙewa tsaye kamar tsani,
nan take fara shawara da kanta.

In taka totur, inji ya kurma ihu,
allura ta haye dubu huɗu, taya ko gezau.
Numfashi ɗaya. Biyu.
Sai giya ta faɗa, gaf! kamar an bangaje mu ta baya,
madarar Amparo ta tuntsire a siket ɗin makaranta,
Fermín ya ciji harshe,
direban bas ya kwanta a kan hon.

Wata rana ta tsallake ta biyu, ta dira a ta huɗu.
Wata rana ta kafe a ta uku har Playa Ancha.
A gangara, ina hangen teku da jiragen dakon kaya,
ta koma ta ɗaya ba da izinin kowa ba.
Laraba lafiya, Alhamis hauka.

Sau uku na kai ta garejin Don Eleuterio,
sau uku tana ganinsa ta shiga taitayinta.
Ya zaga unguwa da ita, sumul,
irin ciwon da ke ɓuya in ya hangi likita.
Ya ɗiga man giya a farar takarda, ya shinshina:
da sauran ja, sai ɗan ƙauri.
Ya jona kwamfuta, ba ta ga laifin kowa ba.
Gyaran giyabos gaba ɗaya, in ji shi, peso miliyan biyu da ɗoriya.
Na lissafa a zuci: gashin ƙafa na wata nawa ke nan?

A zuwa na huɗu ya goge hannu da tsumma.
"Wa ke tuƙa ta a da?"
Na ce mijina. Shekara tara.
"To. Irin waɗannan suna koyon ƙafar mai su.
Inda yake dannawa, inda yake sassautawa, duk ta haddace.
Ke kina lallaɓa ta ne, ita kuma tana jiran wani.
Ban ce shi ne dukan ciwon ba.
Amma minti goma ya isa in shafe abin da ta sani."

Na waiwaya.
Osvaldo na kujerar gefe, bel a ƙirji,
ƙafar damarsa a inda na ajiye masa ita da safe.
Tun watan Yuni haka maganarsa take fita:
baki ya buɗe, wuya ya yi ƙoƙari,
numfashi ɗaya, biyu,
kalma ta faɗo gaba ɗaya, wani lokaci ba wadda ya aika ba.
Jiya ya nemi gishiri, ya ce taga.

Na ce wa Don Eleuterio ba yau ba.
Ya ɗaga kafaɗa, bai karɓi ko sisi ba.

A hanyar gida hazo ya taso daga tashar jiragen ruwa.
Gindin tudu, danja ta ba mu hannu,
sai na ji hagunsa a kan gwiwata.
Ya danna. Da ƙarfi, fiye da yadda na taɓa yarda.
Na taka.
Ta ɗaya, ta biyu, ya ɗaga yatsu, na sassauta,
ta uku ta shiga ko kofi bai motsa ba.

Ba wanda ya yi magana har kwanar kantin magani.
A nan ta sake bangazar mu, gaf!
Amparo ta rungume jakarta.
Osvaldo ya buɗe baki, muka jira shi,
mu uku da injin.
"Taurin kai," ya ce.
Daidai kalmar da ya aika.